Daga kafaɗa ake farawa: yadda shamis da kwat za su zauna maka a jiki

Mutumin Damagaram da idon babbar riga ya tashi. A wurinmu yalwar yadi ita ce kwarjini: riga ta sauka, hannu ya yi faɗi ana naɗe shi bisa kafaɗa, aiki ya cika ƙirji. Da wannan idon mutum yake tafiya sayen kwat, kuma shi ne yake ja masa asara, domin kwat da shamis, wato rigar Turawa mai kwala da maɓallai, ba yalwa ke ba su kyau ba, zama a jiki ne. Shi ya sa za ka ga ango ko sabon ma'aikaci cikin kwat mai tsada, amma kafaɗarta ta zarce tasa da yatsu uku, hannun ya haɗiye tafinsa, ka rantse aro ya yi. Samari kuma sun faɗa ɗaya ramin, sun matse komai har maɓalli na neman tsinkewa, mutum ba ya ruku'u sai da fargaba.

Awo tukuna

Kada ka auna kanka da kanka. Nemi wani ya riƙe maka tef, ka tsaya da singileti kawai, tsayuwarka ta kullum, ba ka turo ƙirji ba, ba ka shanye ciki ba. Wanda ya shanye tumbi a gaban tela, kansa ya cuta.

Wuya ana auna shi ne ƙasa da maƙogwaro kaɗan, da yatsa ɗaya a tsakanin tef da fata. Ƙirji kuma ta ƙarƙashin hammata, a inda ya fi cika, tef ɗin yana kwance daidai ta baya bai zame ba. Kafaɗa daga ƙarshen ƙashi zuwa ƙarshen ƙashi ta bayan wuya. Hannu daga wannan ƙashin zuwa ƙashin wuyan hannu, gwiwar hannu a ɗan tanƙware. Sai ciki daidai cibiya, da ƙugu a inda wando yake zama, da mazaunai, da tsawon ƙafa daga hantsar wando zuwa idon sawu. Rubuta su a waya ka ajiye, ka sake awon duk shekara.

Tef yana da fuska biyu, santimita da inci, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Tela da ya koyi sana'a a Kano da inci ya saba, da yawa daga na nan kuma da santimita, saboda haka ka tambaya da wanne aka rubuta naka. Haka lambobin da ke jikin kaya. Shamis ɗin da ta fito daga Faransa ko Italiya awon wuya take ɗauke da shi da santimita, 39, 40, 41, 42. Ta Ingila ko Amurka da inci: 15 daidai take da 38, 16 daidai da 41, 17 daidai da 43. Lambar kwat ta ƙasashen Turai rabin ƙirji ce: mai ƙirjin santimita 100 lambarsa 50, mai 96 lambarsa 48. Idan ka cire goma daga wannan ka sami lambar Ingila, wato 50 ita ce 40. Wanda ya riƙe wannan lissafin ba zai ɓata rabin yini yana juya dila a Kasuwar Dole ba.

Shamis

Shamis, wadda ƴan'uwanmu na Kano ke kira shat, a kwala ake fara gwada ta. Ɓalla maɓallin sama. Idan yatsa ɗaya ko biyu sun shiga tsakanin kwala da wuya ba tare da dole ba, ta yi. Idan huɗu sun shiga, ranar da ka ɗaura karabat, wato dogon ƙyallen da ake ɗaurawa a wuya, kwalar za ta tattare kamar bakin buhu. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai ƙarshen ƙashi, kada ya gangaro kan damtse.

Jikin rigar kuma, tsunkuli yadin a gefen haƙarƙari hagu da dama. Santimita 3 a kowane gefe ya isa, wato rigar ta fi ƙirjinka da kamar santimita 12. Fiye da haka za ta riƙa kumbura a saman bel kamar balan-balan, kuma tela yana gyara wannan cikin ƴan mintuna da kamu biyu a baya. Idan kuwa tsakanin maɓallai yana buɗewa sa'ad da ka zauna, rigar ta yi maka kaɗan, ba ta da magani.

Akwai gwaji biyu da ya kamata Musulmi ya yi wa kowace shamis kafin ya biya. Na farko, kwance maɓallin bakin hannu ka naɗe hannun har ya wuce gwiwar hannu. Idan ya maƙale a damtse, sau biyar a rana za ka riƙa kokawa da ita wurin alwala, ko ka riƙa cire ta gaba ɗaya. Na biyu, cusa ta cikin wando ka ɗaga hannu sama, sannan ka sunkuya kamar mai ruku'u. Idan bayanta ya fito, ta yi gajarta. Shamis ta cusawa sai ta rufe mazaunai. Wani abin da ba kowa ya sani ba: ramin hammata idan ya yi zurfi, duk ɗaga hannun da ka yi sai ya jawo rigar daga wando. Rami ɗan madaidaici, kusa da hammata, shi ya fi ba da sakewa, ko da yake ido yana ganin akasin haka.

Bakin hannu ya tsaya a gindin babban yatsa idan hannu na sake, kuma ya tsuke yadda ba zai zame kan tafi ba, amma agogo ya iya shigewa ƙarƙashinsa.

Yadi kuwa auduga zalla, mara kauri, irin popilin. Idan ɗinkawa za ka yi, mita 2 na yadi mai faɗin santimita 150 sun ishi matsakaicin mutum dogon hannu. Idan faɗin 115 ne, sayi mita biyu da rabi. Ka wanke yadin ya bushe kafin a yanka, domin auduga kan tsuke da kashi 3 cikin 100 ko fiye a wankin farko, kuma a kwalar santimita 40 wannan ya haura santimita ɗaya, wanda ya isa ya shaƙe ka. Fara biyu, shuɗiya mai haske biyu, da ɗaya mai siraran zane, sun riƙe maka mako guda na aiki.

Kwat

A nan ne kuɗi suke, a nan ne kuma aka fi yin kuskure. Kwat cikakkiya, wadda ake ce wa kostim, ita ce riga da wando daga yadi ɗaya. Bileza kuwa riga ce tilo da aka yi ta don a sa da wando na daban.

Kafaɗa ita ce hukunci. Saka kwat ɗin ka jingina gefenka da bango a hankali. Idan tsinin kafaɗar kwat ya riga damtsenka taɓa bangon har ya lotsa, ta yi maka yawa. Idan kuma damtsenka ya turo yadin har wani rami ya fito a ƙasan kafaɗa, ta yi kaɗan. Ko wanne ne, ajiye ta, kome arharta, kome daɗin bakin mai ita. Gyaran kafaɗa sai an warware hannu da kwala da shafi an sake gina saman rigar, aikin da kan fi kuɗin kwat ɗin gwanjo kanta, kuma da wuya ta dawo daidai.

Daga nan ka sa wani ya duba maka baya. Kwalar kwat ta kwanta a jikin kwalar shamis, ba rata, kuma ta shamis ta leƙo sama da kamar santimita ɗaya da rabi. Idan yadi ya tattare a ƙasan kwala kamar matakala, tsayuwarka ta fi ta wanda aka yanka rigar dominsa miƙewa. Ƙwararren tela yana iya rage wannan.

Ɓalla maɓallin tsakiya. Tafin hannu a shimfiɗe ya shiga tsakanin ƙirji da kwat cikin sauƙi, amma idan ka dunƙule shi ka ji ta ja. Layuka huɗu da suka taso daga maɓalli kamar an gicciye sanda biyu alamar matsi ce. Mai maɓalli biyu na sama kawai ake ɓallawa, mai uku na tsakiya. Na ƙasa a buɗe yake zama, domin an yanka rigar ne a kan haka, idan ka ɓalla shi sai ƙasan ya ja. Kuma da za ka zauna, kwance maɓallin.

Tsawonta ya rufe mazaunai, ya tsaya kusa da gaɓar babban yatsa idan hannu na sake. Hannun kwat ya tsaya a ƙashin wuyan hannu, ya bar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na farin hannun shamis a waje. Wannan ɗan farin ba ado kaɗai ba ne, shi ke tare gumi da dattin fata daga bakin hannun kwat, wanda ba a wanke shi kamar shamis. Naɗin gaba, wato yadin da ya lanƙwaso daga kwala zuwa maɓalli, faɗin santimita 7 zuwa 9 ya dace da yawancin mutane. Mai jiki ya ɗauki mai faɗi, siriri ya ɗauki matsakaici.

Abin da tela zai iya: rage ciki da santimita 4 ko 5, rage hannu da 2 ko 3, rage ƙugun wando da kamar 5 kafin aljihunan baya su fara haɗuwa. Ƙari kuwa sai in an bar rarar yadi a cikin ɗinki, saboda haka juya wandon ka duba kafin ka saya da niyyar buɗewa. Rage tsawon kwat fiye da santimita 2 yana sa aljihu ya sauko bakin riga, kowa zai gane an yanke ta.

Sabuwar kwat tana zuwa da ƴar takardar yadi ɗinke a bakin hannun hagu, da zare da aka gicciya a tsagar baya. Duka biyu cirewa ake yi da reza a hankali. Sau da yawa za ka ga ango ya yi wunin biki da tambarin kamfani a hannu, a zatonsa ado ne. Aljihunan gefe kuwa in ka bar su a ɗinke ya fi, don kada waya da makullin babur su saukar da su.

Yadin da zai iya da zafin Damagaram

Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, babu kwat ɗin da za ta yi maka daɗi da tsakar rana, kada wani ya ruɗe ka. Amma akwai wadda za a iya jurewa da wadda ke dafa mutum. Abin da ke dafawa shi ne polista, irin su tergal, musamman idan shafin ciki ma na roba ne: iska ba ta ratsawa, gumi ba ya fita, bayan awa guda bayan shamis ya jiƙe sharkaf. Yadin gashin tumaki marar nauyi, giram 200 zuwa 250 a mita, mai sakakkiyar saƙa, ya fi polista sanyi nesa ba kusa ba, ko da yake mutane na jin an ce gashin tumaki sai su tuna bargo. Ɗaga yadin ka kalli haske ta cikinsa. Idan kana hango ƴan ƙofofi, iska za ta bi ta nan. Mai nauyin giram 300 zuwa sama na watannin ɗari ne, Disamba da Janairu. Lilin ya fi kowa sanyi amma yana yamutsewa tun kafin ka isa biro, wato ofis, shi ya sa ya fi dacewa da bileza ta yamma. Lambar da ake rubutawa a gefen yadi, Super 100 ko 120 ko 150, sirantakar gashin da aka yi zaren da shi take nufi. Mai 150 ya fi santsi amma ya fi saurin cinyewa, don haka na aikin yau da gobe kada ya wuce 120.

Rubutun gefen yadi ba shaida ba ne. Zaro ɗan zare ka kusantar da ashana. Gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi, tokarsa baƙa ce tana murmushewa a yatsa. Auduga tana warin takarda, tokarta mai laushi. Polista narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri kamar ƙonanniyar leda.

Ka ce wa tela ya yi rabin shafi, wato a hannu da gaba da saman baya kawai, kuma na biskos, wani yadin shafi mai santsi, ba na polista ba. Wannan ma yana rage zafi.

Launi na farko shuɗi mai duhu, na biyu ruwan toka mai duhu. Baƙa wuluk ita mutane ke fara saya, ita ce kuma ta fi wahala a garin nan: da hunturu, kafin ka taho daga Birni zuwa Zango ƙura ta mai da kafaɗarta fara. Shuɗiyar bileza da wando ruwan toka ko ruwan ƙasa tana shiga biro, tana shiga taron kare digiri a jami'a, tana shiga walima.

Gwanjo ko ɗinki

Kwat ɗin gwanjo mai kyau ta fi sabuwar roba, in dai an iya zaɓe. Duba shafin hammata ko gumi ya cinye shi. Ɗaga wandon a rana ka duba mazaunai da cinya, in sun yi ƙyalli ko sun yi shara-shara kwanansu ya ƙare. Nemi ƴan ramukan asu a bayan kwala da ƙarƙashin naɗin gaba. Shafa ƙirjin rigar: idan ka ji ƙuraje-ƙuraje kamar fentin da ruwa ya shiga, gam ɗin da aka manna a ciki ne ya saki, kuma guga ba ta mayar da shi. Kwat ta ƙwarai ba gam ake manna mata ba, wani yadi mai ƙarfi ake ɗinkawa a tsakani. In ka tsunkuli waje da ciki a ƙasan maɓalli ka raba su, za ka ji na uku yana yawo a tsakiya. Ka kuma kula da rigar kostim da ta rabu da wandonta. In mai santsi ce ko mai siraran zane, duk wandon da ka haɗa ta da shi sai ta nuna marainiya ce.

Idan ɗinki za ka bayar, ka sani gwanin kaftani da babbar riga ba lalle ne ya iya kwat ba, sana'a ce daban. Kada ka yarda da hoton waya. Ya nuna maka wadda ya ɗinka, ka duba inda hannu ya haɗu da kafaɗa ko ya tattare, ka duba ramukan maɓalli, ka duba ko zanen yadi ya haɗu a ɗinkin baya da bakin aljihu. Kostim na cin mita 3 zuwa 3 da rabi na yadi mai faɗin 150. Dogo ko mai jiki, ko yadi mai zanen dara, a ƙara rabin mita. In da hali ka ƙara mita ɗaya da kwata a yi maka wando biyu, domin wando ke riga mutuwa. Ku yi sharaɗin gwaji sau biyu, na farko tun rigar tana ɗaure da dogon zare ba a sa hannu da shafi ba, ka je da shamis da takalmin da za ka riƙa sawa. Ba shi mako uku ko huɗu, kuma kada ka kai aikin kwat ana saura kwana goma Salla.

Wando da abin da ya biyo baya

Wando ya zauna a ƙugu ko ba bel. Mai gajeriyar hantsa, wanda ke zama can ƙasa, shi ke tona bayan mutum a sujada, ga shi yana barin shamis ta leƙo a ƙasan maɓallin kwat. Zaɓi wanda ke zama kusa da cibiya, ka durƙusa a shagon tela ka gwada. Aljihun gefe in ya buɗe baki, mazaunai sun matse. Ƙafar ta sauka ta taɓa saman takalmi da lanƙwasa ɗaya ƙarama, faɗin bakinta a shimfiɗe santimita 18 zuwa 20. Wanda ya fi son wandonsa ya tsaya a saman idon sawu, ya rage faɗin bakin kaɗan don kada ya riƙa lilo, ya sa doguwar safa mai launin wandon.

Bel da takalmi launi ɗaya, baƙi da baƙi, ruwan ƙasa da ruwan ƙasa. Garin dukawa muke, babu dalilin sayen bel ɗin roba mai ɓarewa. Ba da awo a yanka maka na fata mai faɗin santimita 3 zuwa 3 da rabi, da ƙaramin ƙarfe. Kostim da takalmi sau-ciki take tafiya. Karabat tsininta ya taɓa kan bel, faɗinta ya yi kusa da na naɗin gaba. Hula kuwa, a ganinmu tana zama da bileza da shamis marar karabat, in dai gajeriya ce marar hayaniyar launi. Doguwar hula mai aiki a bar wa kaftani.

Mai hawa babur ko kabu-kabu ya cire kwat ɗin, ya juya kafaɗa ɗaya ciki-waje ya cusa ɗayar a cikinta, ya ninka biyu, shafi na waje. In dole sai da ita a jiki, a kwance maɓalli, a ɗage bayanta kada a zauna a kai.

Wanki da guga

Kwat ba ta shiga bahon mai wanki, ba ta zuwa wurin bugu. Ruwa da murza ne ke sakin gam, su karya kafaɗa. Abin da take so buroshi mai laushi duk ranar da aka sa ta, daga sama zuwa ƙasa, sai a rataye ta a inuwa inda iska ke bi, a kan maratayi mai faɗin kafaɗa, ba na waya ba, ba ƙusa ba. A bar ta ta huta kwana ɗaya kafin a sake sawa. Farin gishirin gumi a shafi ana goge shi da tsumma mai ɗan danshi. Guga kuma kada dutse ya taɓa yadin kai tsaye, musamman dutsen gawayi da ba a iya saita zafinsa: shimfiɗa farin ƙyallen auduga mai laima a kai, ka danna ka ɗaga, kada ka ja. Ƙyallin da ake gani a gwiwa da aljihun wanduna da yawa ƙunar guga ce. Naɗin gaba kuma ba a danne shi ya yi kaifi, lanƙwasa ake so ya yi.

Da damina, musamman Agusta, kada ka kulle ta cikin leda, fumfuna za ta kama ta. Tsohuwar rigar filo ko zanen auduga ya fi, da kafur a aljihun ciki saboda asu.

Shamis sau ɗaya ake sa ta a wanke. Goga sabulu a kwala da bakin hannu da hammata, a bar ta minti 20 kafin wanki. Kada a zuba wa rawayan hammata ruwan jabel, wato ruwan da ake farar da tufafi da shi, ƙara masa rawaya yake yi, ya kuma cinye zaren. Mai launi a shanya ta a juye, a inuwa, domin ranar garin nan tana kashe shuɗi cikin ƴan watanni. Sitaci kaɗan a kwala da bakin hannu ya isa. Wanda ake zuba wa shadda har ta tsaya da kanta yana toshe saƙar auduga, ya karya kwala a wurin ninki. A goge ta tana da sauran danshi: kwala ta baya tukuna, daga tsini zuwa tsakiya don kada ta tattare, sai bakin hannu, sai hannaye, sai kafaɗa, sai baya, gaba a ƙarshe. A rataye ta da maɓallin sama a ɓalle har ta huce kafin a sa.